An Sa Inji, Mota Ta Ƙi Tashi: Yadda Makullin Zamani Ke Wahalar da Masu Motoci a Garou da Malanville

Inji ya iso lafiya daga Kwatano a bayan babbar mota, a ɗaure kan tsohuwar taya, an toshe bakinsa da leda saboda ƙura. Yaran gareji sun kafa ƙarafa uku a gindin darbejiya, sun rataya sarƙa, suka zaro tsohon suka zura sabon. Kafin la'asar an ɗaure kusoshi, an zuba baƙin mai, an cika lagireto da ruwa, an jona batir. Mai mota yana kan benci yana lissafin buhunan albasar da zai kai kasuwar Malanville da safe.

Maigidan gareji ya shiga ya murɗa makulli. Kik ya juya da ƙarfinsa, inji bai kama ba. Ya sake, shiru. Aka zare fulogi ɗaya aka jingina shi da ƙarfe don a ga wuta, babu ko ƙyalli. A allon gaban direba kuwa, wata 'yar fitila mai siffar makulli sai ƙiftawa take.

"Alhaji, da ka sayo injin nan, sun haɗo maka da makullinsa?"

"Wane makulli kuma, maigida? Inji na saya, ba ƙofa ba."

Duk wanda ya saba zama a garejojin da ke tsakanin Garou, Malanville da Gaya ya ji irin wannan musayar. Injin ƙalau yake, bakanike bai yi ha'inci ba, mai sayarwa ma wataƙila bai san ya rage wani abu ba. Abin da ya tsaya a tsakani shi ne na'urar hana sata, wadda aka ƙera don ɓarawon Turai, amma yau ta fi kama mai mota na halal a bakin Kogin Kwara.

Inda ake raya mota da inji na biyu

Garou na cikin ƙaramar hukumar Malanville a jihar Alibori, ƙarshen arewacin Jamhuriyar Benin, a kan hanyar da ta nufi Madécali da iyakar Najeriya. Ƙetaren kogi Gaya ce ta Nijar. Dendawa, Hausawa, Zabarmawa da Fulani duk a kasuwa ɗaya suke cin abinci, kuma kasuwar Malanville na cikin mafiya girma a ƙasar.

Motocin da ke aiki a nan, kusan dukkansu sun gama rayuwa ɗaya a wata ƙasa. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Tashar jirgin ruwan Kwatano na cikin manyan ƙofofinsu. Daga can zuwa Malanville tafiyar fiye da kilomita 700 ce ta Parakou da Kandi.

Motar da ta zo da nisan tafiya a jikinta, ta haɗu da zafin bazara, ƙurar hunturu, lodi fiye da ƙima da man kwalba na bakin titi, injinta ba ya daɗewa. Ba kowa ke da kuɗin wata mota ba. Don haka sauya inji a nan ba abin ƙawa ba ne irin na samarin Amurka masu son gudu. Hanya ce ta ci gaba da neman abinci.

Akwai kuma sabon dalili. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, man fasa-ƙwauri da 'yan Benin ke kira kpayo ya daina araha irin ta da. Mai mota mai silinda shida ya fara tunanin silinda huɗu, mai fetur ya fara kallon gas, wato dizal. Wato yanzu ba mataccen inji kaɗai ake cirewa ba, har da mai rai idan ya cika shan mai.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975, wannan aiki bai da wata sarƙaƙiya. In ƙafafun inji sun zauna, giya ta kama, an kai mai kafireta an kai wuta kwayil, shi ke nan. Da wannan ilimin aka horar da yawancin manyan bakanikan yau, kuma ilimi ne na gaske. Motocin ne suka canza a ƙarƙashin hannunsu.

Gaisuwar da ake yi kafin inji ya kama

A cikin baƙar robar kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta kai tsawon farce ba. Ba ta da batir. A kewayen ramin makullin kuma akwai zobe na siririyar waya. Da an murɗa, zoben sai ya aika wa ƙwayar ɗan ƙarfi ta iska, ita kuma ta mayar da lambarta ta sirri. Wani ɗan akwati ya duba lambar, in ta yi daidai ya sanar da ƙwaƙwalwar inji, wadda 'yan ɓangaren Najeriya ke kira birenbos, na ɓangaren Faransanci su ce kalkilatar. Sai a lokacin take sakin mai da wuta. Duk wannan bai kai daƙiƙa guda ba.

In lamba ba ta yi daidai ba, kowace mota da irin fushinta. Wata kik zai yi ta juyawa har batir ya mutu. Volkswagen da Audi sukan tashi su mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, abin da ke sa a yi ta zargin famfon mai. Wasu BMW da Mercedes kuwa ko kik ba za su yarda ya motsa ba.

Asalin abin ba sabo ba ne. General Motors ta sa wani nau'i mai sauƙi a Corvette a 1986, ɗan ƙarfe a jikin makulli da motar ke auna ƙarfinsa. Bayan rushewar katangar Berlin satar motoci ta yi ƙamari a Jamus, kamfanonin inshora suka matsa lamba, har ya zama doka: daga 1998 duk sabuwar ƙaramar mota a Tarayyar Turai sai da wannan na'ura. Ostareliya ta bi a 2001, Kanada a 2007. Amurka ba ta taɓa tilastawa ba.

Wannan bambancin doka yana da tasiri har a gindin darbejiyar Garou. Injin Toyota 1ZZ, alal misali, yana cikin Corolla ta Amurka, yana kuma cikin Avensis ta Turai. Ƙarfen kusan ɗaya ne, amma ƙwaƙwalwar da ta fito daga motar Turai a kulle take, alhali wasu na Amurka na farkon shekarun 2000 sun zo a buɗe. Mai saye yana ganin inji iri ɗaya a jere a shago, ba ya ganin wannan.

Ba a jikin ƙarfen makullin yake ba

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da wasu bakanikai. A injin fetur, na'urar hana sata ba ta zaune a cikin ƙarfen inji. Idan injin da aka kawo irin wanda aka cire ne sak, mafi sauƙi shi ne a bar wa motar ƙwaƙwalwarta da wayoyinta da makullinta, a sauya ƙarfen kawai. In soket ɗin na'urorin auna zafi ko juyawar inji sun bambanta, a kwashe na tsohon a mayar kan sabon. Motar ba za ta ma san an yi mata baƙo ba. Sau da yawa matsala kan taso ne saboda an ga sabuwar ƙwaƙwalwa ta zo da inji, aka ce bari a sa ta tunda ta fi kyan gani.

Rigima ta gaskiya tana farawa idan injin daban ne: na wata shekara, na wani girma, ko na wani kamfani gaba ɗaya. Tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ta iya sarrafa shi, dole sai tasa. Tasa kuwa ba ta amsa wa kowa sai makullin da aka haɗa ta da shi a masana'anta. Injin zamani kamar amarya yake, ba ya tarewa sai da 'yan rakiyarsa, kuma kowane gida da yawan nasa.

A wasu Toyota 'yan rakiyar ba su da yawa: ƙwaƙwalwa, ɗan akwatin lamba, zobe da makulli. A Peugeot da Citroën tun daga zamanin 206, 307 da 406 ta ƙarshe, akwai akwatin BSI da ke riƙe da fitilu, gilasai, goge-gilashi da makullin tsaro a wuri guda, da lambar sirri mai harafi huɗu da ake ba mai motar farko a kan kati. Wannan kati ya daɗe da ɓata kafin motar ta hau jirgi. Waɗanda suka riski 406 ta farko za su tuna ɗan allon lambobi da direba ke dannawa kafin ta tashi.

Volkswagen ta mayar da nata cikin allon mita, don haka wanda zai ɗauki injin Golf 4 ko Passat sai ya haɗa da agogon gaban direba. Mercedes ta fi kowa tsanani: makulli, ramin makullin, abin kulle sitiyari da ƙwaƙwalwa duk sai sun san juna, a wasu ma har da kwamfutar giya. Nissan na da NATS, Ford na da PATS, Renault na da akwatin UCH.

Injin gas na da nasa labarin. Tsofaffin injinan Peugeot masu famfon Lucas ko Bosch ba su da wata ƙwaƙwalwa ta kirki, amma a na ƙarshen shekarun 1990 an ɓoye bawul ɗin da ke buɗe mai a cikin sulken ƙarfe a jikin famfon, da ƙusoshin da kansu ke karyewa bayan an ɗaure. A nan kam makullin yana biyo inji duk inda ya je. Wanda ya taɓa ganin bakanike ya yini da kurfi da guduma a bayan famfo ya san abin da ake nufi.

Ƙari a kan haka, motocin da suka biyo bayan 2000 suna magana ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Inji, giya, birki, mita da na'urar sanyi duk ta nan suke jin juna. Ko an shawo kan makulli, baƙuwar ƙwaƙwalwa na iya yin yaren da sauran motar ba ta ji. Mota ta tashi, amma mita ba ta motsi, giya ta maƙale a lamba uku, fanka ba ta san lokacin juyawa ba.

Almakashin mai yanka

Babbar ɓarnar tun a wajen yanka ake yin ta. A wuraren farfasa motoci na Turai, Japan ko Sharjah, lokaci kuɗi ne. Mai aiki ya datse wayoyi da almakashi, ya ɗaga inji, ya tura gangar jiki wajen matsewa. Ƙwaƙwalwa ta shiga wani buhu tare da ɗaruruwan 'yan'uwanta, makulli kuwa ya tafi da gangar jiki. Kafin kaya su kai Kwatano, ko Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, iyalin sun watse, kowanne da farashinsa.

Dillalai na da hujjarsu. A rarrabe kaya sun fi kawo kuɗi, kuma yawancin masu saye ƙarfen kaɗai suke nema. Shi ya sa masu hangen nesa suka fi son rabin mota, wato gaban mota da aka yanke daga sitiyari zuwa hanci, inji da wayoyi da mita da makulli duk a inda kamfani ya sa su. Ya fi tsada, ya fi wuyar ɗauka, amma shi ne ke tashi a bugu ɗaya.

Sai kuma batun hanya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanville da Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe. Mutane da ƙananan kaya suka koma kwalekwale. Ɗan akwatin ƙwaƙwalwa yana shiga aljihun babbar riga ya haye, amma motar da ta ƙi tashi ba ta hawa jirgin katako. Mai motar da a da zai ja ta zuwa wajen wanda ya sani a Gaya ko Dosso, sai ya zama dole ya jira mai kwamfuta ya zo, ko ya kwance akwatunan ya aika Parakou, tafiyar kusan kilomita 300.

Yadda ake fita, da abin da ake biya

Hanyar da ta fi tsabta ita ce a kawo cikakken saiti a ɗora. Sai dai ramin makullin wata mota ba ya zama a sitiyarin wata, don haka ake yin dabara: a naɗe makullin injin da zobensa da salatif a cusa ƙarƙashin allon gaba, a ci gaba da murɗa tsohon makulli. Mota na tashi kullum. Amma ƙwayar tana nan tana amsa gaisuwa dare da rana, wanda ke nufin duk wanda ya fasa ramin makulli ya tafi da mota.

Hanya ta biyu ta masu kwamfuta ce. Matasa da dama, wasunsu daga gyaran wayar salula suka faro, sun sayi na'urorin Launch, Autel ko Xhorse, suna jonawa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Suna iya mayar da wasu ƙwaƙwalwa kamar sababbi su koya musu makullin motar. In ya yiwu, wannan ita ce mafi alheri, domin inji ya tashi kuma tsaro yana nan. Ba a kowace mota yake yiwuwa ba, kuma sababbin motoci da yawa sai an shiga rumbun kamfani ta intanet da izinin dila.

Ta uku ita ce a kashe tsaron ɗungurungum, a buɗe ƙwaƙwalwa a sake rubuta abin da ke ciki, ko a liƙa wani ɗan allo da ke yi mata ƙaryar cewa makulli ya amsa. A hannun gwani tana aiki. A hannun ɗan koyo da ya sauko da fayil daga wani zauren WhatsApp, akwatin da aka sayo da tsada kan zama abin dannar takarda.

Ta huɗu ita ce wadda tsofaffin hannu suka fi yarda da ita, kuma a ganina ita ce mafi asara: a tsige injekta da duk wayoyinta, a ɗora kafireta da dilko. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Direban da ke shiga ƙauyukan bakin kogi yana son motar da in ta tsaya zai busa jet da bakinsa ya ci gaba, ba wadda sai an kira wani daga birni ba. Amma injin da aka ƙera don injekta ba ya jin daɗin kafireta. Ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙaru, man da aka gudu dominsa ya dawo ta taga. In giyar otomatik ce mai lantarki, ita ma ta rikice. Ga tiyon mai da aka ɗaura da waya kusa da salansa mai zafi. Araha dai ba ta ado.

Su ma masu makullin suna da gaskiyarsu

Kada haushin gareji ya sa a manta dalilin abin. Masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun wallafa bincike a 2016 da ya nuna na'urar ta rage satar motoci da kimanin kashi 40 cikin ɗari. Amurka kuma ta ga ɗaya gefen: miliyoyin Kia da Hyundai da aka sayar babu na'urar daga 2011 zuwa 2021 sun zama abin wasan yara, bayan bidiyoyin yadda ake tayar da su sun bazu a TikTok.

Kuma satar ba nesa take da mu ba. A Kanada kaɗai an sace motoci fiye da 100,000 a 2022, an kuma gano wasu a tashoshin Afirka ta Yamma. A Maris 2025 hukumar Interpol ta jagoranci wani samame a ƙasashe 12 na yankin, ciki har da Benin, Nijar da Najeriya, ta gano motocin sata kimanin 150, mafi yawansu daga Kanada. Motar da ba a iya sayarwa a tsaye, yanka ta ake yi. Na'urar mai kwamfuta da ke taimakon mai albasa ita ce dai ɓarawo ke nema. Saboda haka kamfanoni ke ƙara ƙulle ƙofa, jami'an tsaro kuma ke kallon mai kwamfuta da ido ɗaya.

Masu motoci a nan suna da amsa: wanda ya sayi mota da guminsa, ya biya kuɗin duwan, me zai sa a hana shi lambar sirrin motarsa? Dilolin kamfani suna Kwatano, Yamai ko Legas, kuma kuɗin aikinsu kan tasam ma darajar tsohuwar motar. Muhawarar 'yancin gyara da ake yi a Turai da Amurka ke nan, sai dai a can ana yin ta a majalisa, a nan a kan benci.

Akwai gefen takarda da ake yawan sakaci da shi. Kartigiris, wato takardar rajistar mota, na ɗauke da nau'in man mota da ƙarfinta. Wanda ya mayar da motar fetur ta gas bai je hukumar ANaTT mai rajistar motoci an gyara ba, zai yi bayani a wajen binciken lafiyar mota na CNSR ko a shingen 'yan sanda. In ya shiga Najeriya ta Kebbi, can ana duba lambar inji. A gari mai iyaka biyu, inji marar rasit ba ƙaramar kasada ba ce.

Kafin a biya kuɗi

Matsalar ba raguwa za ta yi ba. Motocin da ke shigowa yanzu na bayan 2010 ne, da yawa ma babu ramin makulli, maɓalli ake dannawa, kuma ƙa'idar ECOWAS ta 2020 kan shekarun mota da hayaƙi tana tura 'yan kasuwa ga sababbi. 504 da Starlet suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Garejin da ba shi da yaro ko ɗaya mai karanta zanen wayoyi zai koma na canza taya da birki. Ƙungiyoyin bakanikai na Malanville da cibiyoyin koyon sana'a na Alibori ya kamata su sa wannan a gaba, su kuma riƙe ƙa'idar cewa ba a taɓa makullin mota sai mai ita ya nuna takardunta.

Kai kuma mai mota, ka tafi da bakanikenka ko mai gyaran wayoyin motarka wajen saye, kada ka aika ta waya. In irin injinka ne sak, ka riƙe ƙwaƙwalwar motarka, kada ka bari a jefar da ita ko a musanya. In daban ne, ka ce sai da wayoyinsa ba a datse ba, da ƙwaƙwalwa, da akwatin lamba, da zobe, da makulli, duk daga mota ɗaya, a rubuta lambar injin a kan rasit. In makullinka guda ne, ka yi na biyu tun motar tana tashi, domin a lokacin ne yake da sauƙi. Dillalin da ya ce maka "kai dai ɗauka, mai waya zai san yadda zai yi", ka bar masa kayansa ka leƙa shago na gaba.